Ruwan da bai dake ka ba

Da ƙarfe tara na safe ƙyauren ƙarfen gidanmu ya riga ya fi ƙarfin tafin hannu. Sai na naɗe hannuna da gefen riga sannan in ja sakata. Ruwan da ya tsaya a tiyo kuwa, in ka buɗe famfo dole ka bar shi ya zuba tukuna, don wanda ya tara hannu da farko da ihu zai janye. Haka muke wata uku a kowace shekara, mu da ke zaune inda hamada ta zo ta yi karo da gindin dutse.

Shekarata bakwai a nan, kuma har yau abin da ya fi taɓa ni a wannan zafi shi ne shirunsa. Da rana ta take sai komai ya ɗauke. Tsuntsaye su lafe a reshen da ya fi duhu, baki a buɗe, fikafikai a sake. Karen maƙwabcina ya tone rami ƙarƙashin tankin ruwa ya shige, hancinsa kawai ake gani. Ƙadangare in ya zama dole ya ratsa fili, da gudu yake yi, kamar ƙasar na cizonsa. Can kan kwalta kawalwalniya na rawa, mota ta taho ka ga kamar a kan ruwa take tafiya. Wanda bai saba ba zai ɗauka tsakar rana ce ƙarshen wahala, alhali sai wajen ƙarfe uku zafi ke kai maƙura. Ƙasa da duwatsu suna ta shan rana tun hantsi, kuma muddin abin da suke sha ya fi abin da suke fitarwa, ma'auni hawa zai ci gaba da yi ko da rana ta karkata.

Zafin hamada yana da yaudara. Ba ka ganin gumi a jikinka, iska ta lashe shi tun bai gangaro ba, sai da yamma ka cire riga ka tarar da farin gishiri ya zana taswira a bayanta. Mutum mai aiki a rana yana iya zubar da lita guda ta ruwa cikin awa ɗaya bai ji ya jiƙe ba. In zafin jiki ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, mutum ya fara rikicewa yana magana ba kai, to ba maganar hutu a inuwa ba ce kuma, rai ne ke hannun Allah, sai a yi ta sanyaya shi da ruwa a garzaya asibiti. A Kwarin Mutuwa da ke Kalifoniya a Amurka an rubuta digiri 56.7 ranar 10 ga Yuli 1913. Birnin Finiks na jihar Arizona ya yi kwana 31 a jere a 2023 zafi na kaiwa digiri 43.3 ko fiye. Namu bai kai can ba, amma ranar da ma'aunin da na rataye a inuwar baranda ya nuna 44, ban ji sha'awar gasa da kowa ba.

To, a cikin wannan shirun ne nake fita in dubi dutse.

Ina da littafi da nake rubuta lokacin da girgijen farko ya bayyana a kan tsauni. Yawanci tsakanin sha ɗaya da sha biyu ne. Sama tas take ko'ina, shuɗiya har ta yi fari, sai ka ga wani ɗan tsumman girgije kamar ƙullin auduga ya zauna daidai kan ƙololuwa, shi kaɗai a duk faɗin sama. Ya narke, wani ya fito a gurbinsa, ya ɗan fi shi girma. Wannan ma ya narke. Na uku ko na huɗu shi ke tsayawa. Na daɗe ina mamakin me ya sa kullum a nan yake farawa, ba a kan filin da ya fi zafi ba, sai da na zauna na karanta.

Rana na dukan gangaren dutse, dutsen ya ɗumama iskar da ke jikinsa, ta fi iskar da ke shawagi a daidai wannan tsawo a kan fili ɗumi. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sai ta bi gangare ta hau. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwazazzabo da hantsi ya ji ta tana hura masa ƙeya in ya fuskanci dutse. Daga kowane ɓangare haka take hawa, su haɗu a ƙololuwa, ba inda za su sai sama. Dutse ya zama kamar bututun hayaƙi. Iska kuwa in tana hawa faɗaɗa take tana hucewa, busasshiya tana rasa kusan digiri 10 a kowace kilomita guda. In ta huce har ta kai matakin da tururin cikinta zai zama raɓa, nan girgije ke fitowa. Shi ya sa gindin gajimaren rana yake a shafe sumul kamar an yanka da wuƙa, duk a layi ɗaya: a wannan tsawon ne iskar ranar ta kai matakin raɓarta.

Akwai wani lissafi da nake so ƙwarai saboda sauƙinsa. Ka ɗauki zafin iska, ka cire matakin raɓa, kowane digiri ɗaya na tazara kusan mita 125 ne na tsawon gindin girgije. In zafi 40 ne, matakin raɓa 10, tazara 30 ke nan, gindin girgije na can sama da kai mita 3,750. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

Abin da ke mayar da ƙullin auduga ya zama hasumiya shi ne zafin da tururi ke ɗauke da shi a ɓoye. Kafin lita guda ta tafasasshen ruwa ta ƙone ta zama tururi, tana cin zafi fiye da ninki biyar na wanda ya ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan zafin ba ya ɓacewa. Yana tafe cikin tururi, kuma da tururin ya koma ɗigon ruwa a cikin girgije sai ya sake shi. Girgije ya ƙara ɗumi, ya ƙara hawa, ya janyo wata iskar daga ƙasa, ita ma ta saki nata. Daga baranda kana ganin abin da idonka: kan girgije na tumbatsa dunƙule bisa dunƙule, gefensa kaifi kamar an sassaƙa. Cikin rabin awa ya ninka dutsen tsawo sau da yawa. A kilomita 12 zuwa 16 yakan ci karo da wani rufin iska da ba ya iya ratsawa, sai ya baje gefe, kansa ya yi faɗi kamar uwar maƙera, gefen ya daina kaifi ya koma kamar gashi, don a can duk ƙanƙara ce. Da na ga haka na san cida ta kusa.

Zafin da ya hana mu sakat tun safe shi ne ya gina wannan abu. Tun da na gane haka na rage jin haushinsa. Amma zafi shi kaɗai ba ya isa, sai da laima. A farkon bazara rana na iya gasa dutse yini guda ba ka ga ko ƙyallin girgije ba, don iska a bushe take ƙayau. Sai iskar ta juya ta fara kawo tururi daga teku mai nisa. Ranar da ta juya jiki ne ke fara sani: gumin da ba ka gani da sai ya tsaya a wuya, dare ya ƙi yin sanyi, kowa ya yi ta tsaki. Wannan cunkoson shi ne albishir. Haka abin yake a duwatsun Arizona, inda hukumar yanayi ta tsayar da lokacin daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba. Haka yake a tsaunukan Asir na Saudiyya, inda garin Abha ke samun hadarin yamma alhali filin Tihama na ƙasa na ƙuna, da duwatsun Hajar na Oman, da na Abzin da Ahaggar a cikin Sahara. Harsuna daban, amma agogon ɗaya ne: safiya tas, girgije da hantsi, tsawa bayan azahar, sama ta washe da dare.

Sai dai dutse ne ke shan ruwan. Mu na gindi sau da yawa kallo ne namu.

Ka tuna mita 3,750 ɗin nan. Ɗigon ruwa da ya bar gindin girgije sai ya ratsa wannan tazara ta busasshiyar iska mai zafi kafin ya iso ƙasa, kuma sau da yawa ba ya isowa. Za ka ga ruwa na zuba daga hadari kamar gezar doki, baƙi-baƙi, ya sauko rabin hanya ya ƙare a iska. Ba abin da ke karya zuciya kamar wannan a ƙarshen wata uku na ƙuna. Yara su fito tsakar gida suna ɗaga kai, kai ma ka kwashe shanya, ka ji cida, ka ga ruwan da idonka, ɗigo ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Ruwan da ya ƙone a hanya kuma ba banza yake tafiya ba. Yana sanyaya iskar da ya ratsa, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa kamar an kifar da bokiti, ta bugi fili ta watsu ko'ina. Ita ce sanyayyar iskar nan da ke zuwa bagatatan kafin hadari, ta buga ƙyaure, ta yi sama da bokitin roba. In ta yi ƙarfi tana yaye rufin kwano. Wani masani ɗan asalin Japan, Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago, shi ya bi diddigin wannan faɗowar iska bayan jirgin sama ya faɗi yana shirin sauka a filin Kennedy na Amurka a watan Yuni 1975, mutum fiye da 100 suka rasu. Da farko wasu masana ba su yarda da shi ba, daga baya bincike ya gaskata shi. A kan hamada wannan iskar ce ke kwasar ƙura ta tura ta gaba kamar katanga, abin da mutanen Sudan ke kira habub. Wadda ta rufe Finiks ranar 5 ga Yuli 2011 tsawonta ya kai mita 1,500. Tamu ba ta kai haka, amma na sha ganin la'asar ta koma magariba cikin minti biyar, ja-ja-wur sannan duhu, ƙasa na ƙaras-ƙaras a haƙori, ka rufe kowace taga amma da safe ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Irin wannan iska mai faɗowa ce kuma ta juya wutar daji a Yarnel ta Arizona ranar 30 ga Yuni 2013, ta rutsa da 'yan kwana-kwana 19. Wutar ma aradu ce ta kunna ta kwana biyu kafin nan.

Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Na taso da wannan magana kuma na yarda da ita a kan mutane. A kan hadarin dutse dai na ga inda ta gaza, a shekarata ta biyu a nan.

Ina dawowa gida ne da la'asar, ni da ɗana, lokacin yana shekara shida. Hanyarmu na ratsa wani busasshen rafi, yashi zalla, faɗinsa bai fi taku hamsin ba, na ƙetare shi ya fi sau ɗari. Rana na kanmu ƙwal, ƙasa a bushe, ko yayyafi ba a yi ba. Dutse dai ya yi baƙi ƙirin tun azahar, amma yana can nesa, ban sa shi a lissafi ba. Na kusa gangarawa sai wani dattijo makiyayi da ke tsaye a gaɓa da awakinsa ya ɗaga sanda. Na tsaya na sauke gilashi na gaishe shi.

"Ɗana, ina za ka?"

"Gida, Baba. Haye kawai zan yi."

"Ka dubi dutse kuwa?"

"Na gani, Baba, amma nan ai ba a yi ruwa ba."

"Kashe motar ka saurara."

Na kashe. Da farko ba komai sai kukan ɗan akuya. Sannan na ji shi, wani gurnani can ƙasa-ƙasa kamar babbar mota na hawa tudu da kaya, ba ya ƙaruwa da sauri, ba ya kuma tsayawa. Iska ta kawo warin danyen laka. Awakin tuni sun haye tudu da kansu. Ba mu yi minti uku ba sai ga shi ya karyo kwana. Abin da ya ba ni tsoro shi ne bai yi kama da ruwa ba. Goshinsa tarin itace ne da kumfa da kashin dabbobi da laka mai kauri, launin ƙasa, yana tafe yana tura kansa a kan busasshen yashi, tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Har na ce a raina wannan ai mota za ta iya. Kafin in rufe baki abin da ke bayansa ya iso. Ruwa ya cika rafin gaɓa da gaɓa, duwatsu na gungurawa a ƙarƙashi suna karo da juna, ƙarar na shigowa ta tafin ƙafa. Wata bishiya ta wuce da saiwarta a sama. Ɗana ya riƙe mini yatsa bai ce uffan ba. Rana na nan na haska mu, inuwarmu a ƙasa.

Sai bayan isha ruwan ya janye muka haye. Dattijon bai ƙara wata magana a kai ba, da ya ga mun tsaya ya kora awakinsa ya tafi, ina ta yi masa godiya yana ɗaga hannu. Ban sake ganinsa ba, kuma ba ranar da zan ratsa wannan rafi ban yi masa addu'a ba.

Daga baya na yi lissafin abin da na gani. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan ɗaya ce. In hadari ya zubar da milimita 25 a kan murabba'in kilomita 40 na dutse, lita biliyan ɗaya ke nan. A ƙasa mai ciyawa da itatuwa yawancinsa zai nutse a hankali. A kan tsuran dutse da fako ba abin da zai riƙe shi, kowace tsaga ta miƙa wa kwazazzabo, kowane kwazazzabo ya miƙa wa rafi guda, duk su iso lokaci ɗaya. Mutum 11 da suka rasu a kwazazzabon Antelof na Arizona ranar 12 ga Agusta 1997 masu yawon buɗe ido ne, kuma ruwan da ya ci su ya sauka ne kimanin kilomita 11 daga inda suke. A Kolorado, daren 31 ga Yuli 1976, hadari ya tsaya cak a kan kwarin Big Tomson ya zubar da kusan milimita 300 cikin 'yan awoyi, mutum fiye da 140 suka halaka, da yawansu a cikin mota suna ƙoƙarin tsere wa ruwan ta hanyar da shi ma yake bi. Waɗanda suka bar mota suka hau gangare sun fi tsira. Mutanen da suka gina Fetra a ƙasar Jodan sun san wannan tun kusan shekara 2,000 da suka wuce, suka yi madatsa suka huda dutse don kautar da ambaliya daga mashigar birninsu. Madatsar ta lalace da zamani, a 1963 ruwa ya bi mashigar ya kashe mutum fiye da 20, yawancinsu Faransawa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne duk shekara sai an sami wanda ya tura mota cikin ruwa mai gudu, don yana sauri ko don na baya na yi masa oda. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota. Kuma ba ka san ko hanyar na nan a ƙarƙashi ba ko ruwa ya riga ya cinye ta. Irin wannan ruwan ba ya daɗewa, awa biyu ko uku ya wuce, ban ga uzurin da ya kai a ƙi jira ba.

Aradu ma haka take, ba ta jiran hadari ya zo kanka. Tana iya faɗowa kilomita 15 daga inda ake ruwa. Walƙiya na ɗumama iskar da ta ratsa zuwa kusan digiri 30,000, ninki biyar na fuskar rana, fashewar iskar ita ce tsawar da muke ji. Na koya wa ɗana ƙirga: daga walƙiya zuwa ƙara, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya. Yanzu shi ke sanar da gida, "Baba, tara, kilomita uku!" Dokarmu dai in an ji tsawa a shiga ɗaki, kuma ba a fita sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. In za mu hau dutse a wannan lokaci tun asuba muke tashi, mu bar ƙololuwa kafin sha biyu ko da sama tas take.

Duk da haka, ƙarya nake in na ce tsoro ne ke fitar da ni baranda kullum. Akwai ranakun da iska mai faɗowa ke tono wani sabon hadari a kan fili, ya tako daga dutse ya iso mana. Ɗigon farko manya ne, ɗai-ɗai, kowanne ya faɗi a ƙura ya tayar da ɗan hayaƙi ya bar tabo kamar kwabo. Sai ƙamshin ƙasa ya tashi. Wasu masana biyu 'yan Ostireliya, Isabel Bear da Richard Thomas, sun yi rubutu a kansa a 1964, suka nuna akwai wani mai da ke taruwa a jikin duwatsu da ƙasa lokacin fari, ruwa ya zo ya sake shi. Akwai kuma wani sinadari da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ke yi, wanda hancin ɗan Adam ke kamawa ko da ɗan mitsitsi ne. Na san wannan duka, amma in ya bugi hancina ba na tuna kowa, numfashi kawai nake ja. Daga nan sai ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwano na ƙara har ba ka jin na kusa da kai, wani lokaci da ƙanƙara tana tsalle a tsakar gida. Ma'aunin baranda ya faɗo digiri goma sha wani abu kafin ka gama mamaki. Minti ashirin, talatin, shi ke nan, ya ɗauke. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari, dutse ya yi ja, farin zaren ruwa na gangarowa a fuskarsa inda da safe ba komai.

Daren irin wannan rana ba a barci da wuri saboda kwaɗi. Filin da ka rantse ba rai a cikinsa sai ya ɗauki kuka ta kowace kusurwa. A hamadar Sonora da ke tsakanin Amurka da Meziko akwai wani kwaɗo da ke binne kansa kusan wata goma, girgizar tsawa da bugun ruwa ke tashe shi, ya fito ya yi ƙwai a daren, 'ya'yan kuma wani lokaci cikin kwana 9 sun yi ƙafa sun bar kududdufi kafin ya ƙafe. Namu ma da safe za ka tarar da ƙwai kamar baƙin zare a cikin ruwan da bai kai idon sawu ba, ɗana ya tsuguna yana auna kududdufin da kara kullum, yana fargabar rana za ta riga su.

Yau girgijen farko ya fito sha ɗaya da minti ashirin, na rubuta. Yanzu biyu ta wuce, kansa ya baje ya karkata wajenmu, gindinsa ya yi shuɗi mai duhu, kuma tun ɗazu ganyen bishiyar ƙofar gida ya daina motsi. Matata ta tafi haye da safe. Na kira ta na ce ta zauna can sai an ga abin da rafi zai yi.